In Ka Hau Dandali, Ka Kaɗa

Ƴan uwa ɗalibai, samari da ƴan mata, akwai wata ƙarya da muka saba biyan kuɗi mu kalla, har mun daina kiranta ƙarya. Sunanta filebak. Ka sayi tike, ka shiga gidan matasa ko wani fili, mawaƙi ya hau dandali, yaronsa ya soka kile a ordinata ya danna, sai waƙar da aka ɗauka a studiyo ta taso daga bafur, muryarsa da kiɗansa da amshinsa duk a dunƙule. Shi kuma ya riƙe mikoro yana motsa baki, jefi-jefi ya ce a ɗaga hannu sama. Abin da ke cikin salularka tun bara, shi ka biya jika ka sake ji a tsaye cikin ƙura. In aka ɗauke wuta ko ordinata ta sanƙare, wasa ya mutu nan take, don dama babu mai kiɗa a wurin.

In ka yi magana, amsar ɗaya ce daga Yamai har Damagaram: "To ya za mu yi? Ɗaukar makaɗa biyar ko shida kuɗi ne, kuma ai kiɗan namu da na'ura aka yi shi." Rabin farko gaskiya ne, kuɗi ne. Rabi na biyu kuwa uzurin malalaci ne. Tun kafin a haife mu aka ƙera na'urar da aikinta ke nan, a kaɗa kiɗan na'ura da yatsu, a gaban mutane, a lokacin da suke kallo. Ita ce samfula. Abin da nake so in kare a takardar nan shi ne, samfula kayan kiɗa ce kamar kalangu, sai an koye ta, sai an yi gumi a kanta. Kuma mu masu Hausa muna da dalili na musamman da zai sa mu koye ta da kyau, domin abubuwan da take taɓawa a cikin sauti, wato hawa da saukar murya da tsawon wasali, su ne ginshiƙan ma'ana a harshenmu. Kimiyyar harshe nake karatu, ta wannan ƙofa na shigo maganar.

Mece ce samfula?

Akwati ne ƙarami, wani bai wuce girman ƙamus ba. Aikinsa ya ɗauki guntun sauti ya ajiye, ko bugun ganga guda, ko tafi, ko kalma ɗaya, ko zaren gurumi, ya mayar maka da shi duk lokacin da ka buga. A samansa akwai wasu murabba'ai na roba, galibi 16, huɗu-huɗu a jere. Kowane ɗaya ka ɗora masa sautin da kake so. Mutane suna ce musu maɓallai. Ni fatu nake ce musu, kuma da gangan nake yi. Maɓalli dannawa ake yi sau ɗaya a koma gefe, kamar na fitila. Fata kuwa bugu ake yi, da nauyin hannu, da lokaci. Sunan da ka ba abu yana nuna yadda za ka riƙe shi.

Na'urar ba jiya ta zo ba. A 1979 aka fito da Fairlight CMI a Ostareliya, amma tsadarta ta sa sai manyan studiyo da attajiran mawaƙa. A 1987 kamfanin E-mu na Amurka ya fito da SP-1200, wadda duk abin da take iya riƙewa daƙiƙa 10 ne kacal, su ma a rarrabe gida huɗu. Daƙiƙa 10 fa! Amma da ita makaɗan rap na Niyok suka gina waƙoƙin da har yau ake saurare. Dabararsu ita ce su juya faifai da sauri fiye da ƙa'ida lokacin ɗauka don ya ci wuri kaɗan, sannan su rage masa gudu a cikin na'ura. A 1988 kamfanin Akai na Japan, tare da wani injiniya Ba'amurke mai suna Roger Linn, ya fito da MPC60, mai fatu 16 ɗin nan da kowa ya kwaikwaya daga baya. Roland kuma ya fito da SP-404 a 2005, ya sabunta ta a 2009, ya sake sabuntawa a 2021. Wannan ta Roland da pil shida take iya aiki. Ku riƙe wannan, ku da kuka san abin da ake nufi da an ɗauke wuta ana tsakiyar biki.

Hanyoyin da sauti yake fita

Mai cewa "ai dannawa ce kawai" bai taɓa zama gaban na'urar ba. Kowace fata sai ka zaɓa mata halin da za ta yi in an buga ta, kuma zaɓin nan shi ne rabin kiɗan.

Akwai halin da nake kira taɓa-ka-saki. Ka buga sau ɗaya, sautin ya tafi har ƙarshensa ko da ka ɗage yatsa. Wannan ya dace da bugun ganga da tafi da duk wani gajeren sauti. Akwai riƙe-ka-ji: muddin yatsanka yana kan fata sauti yana fita, kana ɗagawa ya yanke. A nan yatsa ne yake yanke hukuncin tsawon sauti, kamar yadda mai algaita yake yi da numfashinsa. Akwai zagaye, wanda ƴan studiyo suke ce wa lup: sauti ya kai ƙarshe ya dawo farko, ya yi ta juyawa har sai ka tsayar da shi. Akwai kuma baya-baya, inda sautin yake farawa daga wutsiya ya ƙare a kai.

Zagaye shi ne ya fi ruɗin sabon shiga, don lissafi ne. In kiɗanka yana tafiya bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, bugu huɗu daƙiƙa 2 cif. In guntun da ka yanka ya wuce haka da ɗan ƙiris, ba za ka ji ba a zagayen farko. A na goma kuwa ƴan rawa sun fara kallon juna, don ƙafa ta riga kunne ganewa. In kuma ka yanka a wurin da igiyar sauti take sama, duk dawowa sai ka ji "ƙas" kamar an karya tsinke. Gyaran waɗannan duka da kunne ake yi, a gida, kafin ranar wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai abin da nake kira rukunin surukai. Za ka iya haɗa fatu biyu ko fiye ka ce wa na'ura, waɗannan ba sa zama ɗaki ɗaya, in wannan ya shigo wancan ya fita. Amfaninsa a fili yake. Kalangu guda ba ya fitar da murya biyu a lokaci ɗaya. In ka ɗauki bugunsa na sama da na ƙasa ka sa a fatu daban-daban ba ka haɗa su surukuta ba, wutsiyar wannan za ta hau kan wancan, kunne ya ji makaɗa biyu suna rigima maimakon mutum ɗaya yana magana.

Sai nauyin hannu. Fatun MPC tun farko suna jin ƙarfin bugu: ka taɓa a hankali sauti ya fito a hankali, ka maka ya fito da ƙarfi. Tsofaffin SP-404 na 2005 da 2009 ba su da wannan, sai ta 2021. Duk wanda zai sayi ta hannu ya tambaya. Akwai kuma dabarar baza sauti ɗaya a kan fatu 16, kowace da tsayin muryarta, daga ƙasa zuwa sama, har ka iya fitar da karin waƙa daga zare guda na gurumi. Akwai maimaici, wanda in ka riƙe shi tare da fata zai yi ta jero bugun a kan lokaci, kana ƙara nauyin yatsa yana ƙara ƙarfi. Akwai ƴan murɗe-murɗe na tace sauti, ka dushe shi kamar daga bayan katanga yake fitowa, ka buɗe shi a hankali lokacin da rawa ta ɗau zafi. Kuma duk abin da ka kaɗa, na'urar tana iya sake ɗaukarsa ya zama sabon guntu a kan fata guda, hannunka ya samu sarari ya yi wani aiki.

Yanzu a faɗa mini, mutumin da yake riƙe da zagaye da hagu, yana jefa bugun kalangu da dama, yana sauraron mawaƙi don ya san inda zai sako amshi, yana kallon fili don ya san lokacin da zai kashe komai ya bar tafi kaɗai, me ya rage masa kafin a kira shi makaɗi? Ku nemi bidiyon AraabMuzik, wani Ba'amurke da ya yi suna da kaɗa MPC a gaban jama'a, ku kalli yatsunsa. Gani ya kori ji.

Inda Hausa ta shigo

Rubutun bokonmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Shi ya sa da yawa daga cikinmu muna amfani da su kullum ba mu san sunansu ba. Amma kunne ya sani. Kuka na hawaye, gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke. Kuka ta miya, ta farko a sama, ta biyu ta faɗo. Wuya na jiki sama ne sannan ƙasa, wuya ta wahala ƙasa ce sannan sama. Fara ta ci da yaji tana farawa daga ƙasa ta hau, fara aiki kuma daga sama ya sauko. Gari na mutane da gari na tuwo karinsu ɗaya ne, ƙasa sannan sama, bambancinsu kawai tsawon "ga" ɗin farko.

To ga abin da samfula take yi da wannan. In ka ɗauki kalma sukutum ka ɗaga muryarta ko ka sauke, ma'ana ba ta taɓuwa, don tazarar da ke tsakanin gaɓoɓi tana nan. Yaro da dattijo duk suna cewa kuka, kowa da kaurin muryarsa, kuma muna ganewa. Amma salon da ake yayi shi ne a daddatsa magana gaɓa-gaɓa, a baza a kan fatu, a kaɗa ta kamar ganga. Bafaranshe ko Ba'amurke in ya yi haka da harshensa, kalma takan yi wani iri amma ba ta cika komawa wata kalma ba. Kai Bahaushe in ka datse "ku" da "ka", ka buga ta biyun a fata mai ƙasa, ka fitar da masoyiyarka daga hawaye ka jefa ta cikin miya. In "ga" tana kan riƙe-ka-ji, ɗan jinkirin yatsanka shi zai raba garinku da garin masara.

Abin ya wuce kalmomi, ya shiga nahawu. Ka ce "ya zo" da dogon "ya" a sama, labari ka bayar, mutum ya iso. Ka gajarce shi ka sauke, ka koma ba da umarni, a ce masa ya zo. Tsayin murya da tsawon lokaci, su biyun nan dai, su ne abin da fatun na'ura suke wasa da su. Wanda bai san haka ba zai ɓata magana, ya ce salo ne. Wanda ya sani kuwa ya samu abin wasan da makaɗin Faransa ba shi da shi: zai iya ɗaukar kalma ɗaya ya juya ta ta zama biyu a gaban mutane, da gangan, fili ya ɗauki shewa. Habaici da zambo da yatsa. Wannan filin a buɗe yake, mu ne ya kamata mu fara noma shi.

Akwai wani abu kuma da muke koya a aji wanda duk mai yankan murya ya kamata ya sani. Jimlar Hausa gangarowa take yi kamar matakala. Duk gaɓar sama da ta biyo bayan ta ƙasa ba ta komawa tsayin ta farko, sai ta ɗan rage. In jimla ta yi tsawo, gaɓar sama ta ƙarshe tana iya zama ƙasa da gaɓar ƙasa ta farko. Saboda haka in ka ciro kalma daga wutsiyar jimla ka manna ta a goshin wata, za ta fito a gajiye, kamar mai maganar ya riga ya gama. Kunnen Bahaushe zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai iya faɗin mene ne ba. Maganinsa, ka ɗan ɗaga muryar guntun, ko ka sa mai murya ya sake faɗin kalmar ita kaɗai.

Amma ɗaga murya ma yana da farashi. A tsohuwar hanya, tsayin murya da gudu a ɗaure suke: duk mataki ɗaya da ka hau, gudu yana ƙaruwa da wajen kashi 6 cikin 100, in ka hau mataki 12 gudu ya ninka, tsawon guntu ya koma rabi, dattijo ya koma ɓera. Sababbin na'urori suna iya raba su, su ja sauti ba tare da sun taɓa tsayinsa ba, sai dai in ka matsa musu murya takan yi karkarwa kamar ta cikin ruwa. Haka kuma yankan kai-tsaye da na'ura take yi da kanta, inda sauti ya yi ƙarfi take sa wuƙa. Baƙaƙe masu shigowa a hankali sukan rasa goshinsu. Ka duba farkon kowane guntu da kunnenka, don tsakanin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, ɗan abu ne ƙanƙani, kuma injiniyan da ya ƙera akwatin bai san da shi ba. Ba laifinsa ba ne. Aikinka ne.

Kada na'ura ta daidaita maka sahu

A cikin kowace samfula akwai wani ɗan doka da yake jera bugu. In ka kaɗa ana ɗauka, sai ya ja kowane bugu ya kai shi layi mafi kusa. Ƴan studiyo suna ce masa kwantaiz, ni daidaita-sahu nake ce masa. Yadda na'ura take zuwa daga kamfani, galibi bugu ɗaya ta raba shi gida huɗu daidai wa daida. A gudun 120, tsakanin layi da layi kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa ne. Matsalar ita ce kiɗanmu da yawa a kan uku yake tafiya. Ka saurari kiɗan kokowa ko gangar noma ko tafin ƴan mata a dandali, ka ƙirga, sau da yawa za ka ji ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu-uku a ƙarƙashi. Ka zuba wannan a layin gida huɗu, ɗan doka ya ja kowa ya kai inda ba gidansa ba, kiɗa ya fito a miƙe kamar faretin soja. Daga nan sai yaro ya ce kiɗan gargajiya ba ya shiga na'ura. Yana shiga. Kai ne ba ka buɗe masa ƙofa ba.

Ƙofofin uku ne, kuma duk suna jikin akwatin. Kana iya sauya layin ya koma gida uku ko shida. Kana iya amfani da rangaji, dabarar da Roger Linn ya shahara da ita: a 50 bugu biyu suna raba lokaci daidai, kana hawa na biyun yana jinkiri, a wajen 66 ka iso tafiyar uku-uku. Ko kuma ka kashe ɗan dokan gaba ɗaya, abin da hannunka ya buga shi za a ji. J Dilla, makaɗin Ditroyit da ya rasu a 2006, sunansa ya tsaya a kan haka. Ya ƙi barin na'ura ta jera masa bugu yadda ta ga dama, wani ya sa shi ya riga kaɗan, wani ya makara kaɗan, har masu ganga na gaske suka koma suna koyon kwaikwayon abin da ya yi da akwati. Yau MPC3000 ɗinsa tana ajiye a gidan tarihin Baƙaƙen Amurka da ke Washinton. Kayan kiɗa ake kaiwa gidan tarihi da sunan mai su. Ban taɓa jin an kai kilen filebak ba.

Mu da muka tashi da kalangu a kunne bai kamata sai wani daga Ditroyit ya koya mana wannan ba. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya sassauta ta sauka, har ganga ta faɗi taken mutum a gane. Tana iya yin haka ne don harshen da take kwaikwayo mai karin sauti ne. Wanda ya ɗauki bugu guda na kalangu ya sa a fata ɗaya ya yi ta maimaitawa, ya mayar da mai magana bebe. Ka ɗauki na sama, da na ƙasa, da na tsakiya, da mai zamewa daga sama zuwa ƙasa, ka ba kowanne fatarsa, ka haɗa su surukuta, ka kashe daidaita-sahu. Sannan ka zauna ka koyi faɗin take da yatsu. Zai ɗauki watanni. Mai kalangun ma ba a kwana ɗaya ya iya ba.

Masu suka

Na san abin da za a ce, don ana faɗa a fada kullum wajen shayi. Na farko: "Wannan ai na'urar sata ce." Wuƙa ma ana sata da ita, ana kuma yanka rago. Gaskiya ne akwai masu ɗaukar muryar tsohon mawaƙi daga kaset su yi kuɗi da ita, iyalinsa ko dala ba su gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan zalunci ne, kuma ko a Amurka tun 1991 kotu ta yanke wa Biz Markie hukunci a kan ɗaukar waƙar wani ba izini, daga nan neman izini ya zama dole. Mu ma muna da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA. Amma samfula tana da ƙofar mikoro. Ba dole sai daga kaset ɗin wani za ka ɗauka ba. Makaɗan mahauta suna nan a unguwa, masu gurumi suna nan, matan da ke luguden daka suna nan. Ka je ka gaishe su, ka faɗi abin da kake so, ka biya, ka ɗauka, in waƙa ta fito ka ambaci sunansu. Sautin da za ka samu babu mai irinsa a duniya, ya fi tarin gangunan da kowa yake saukewa daga intanet, waɗanda suka sa kiɗan Maraɗi da na Abijan da na Pari duk suka zama ɗanɗano ɗaya.

Na biyu: "Ba al'adarmu ba ce." Wannan magana ta tsufa. Mamman Sani ya ɗauki kaset ɗinsa a Yamai a 1978 da ogan na lantarki, kiɗansa ya yi shekaru yana fita a rediyo da talabijin na ƙasa, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji. Ogan ɗin daga Turai ya zo, abin da ya fito daga cikinsa na nan ne. Tambayar da ta dace ita ce wa ke riƙe da linzami, kunnenka ko saitin kamfani. In ma al'ada ake kishi, filebak ne babban maƙiyinta. Waƙarmu jagora ce da amshi. Mamman Shata ya yi suna da ƙirƙirar baiti nan take, ya ga mutum ya saka shi a waƙa, makaɗa da ƴan amshi suna biye da shi duk inda ya karkata. Mai filebak ba zai iya ƙara ko numfashi ɗaya ba. Ko uwarsa ce ta shigo fili, kile ba ya jira a gaishe ta. Amma in amshi yana kan fata, zagaye yana juyawa, mawaƙi yana iya ja, ya tsaya, ya yi wa wani kirari, ya dawo, mai samfula ya sako amshi daidai inda ya sauke. Na'urar da ake zargi da kashe al'ada ita ce take iya dawo da wannan ƴancin.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi: "Tana da tsada." Ƙwarai kuwa. Ɗalibin da yake jiran bursi ba zai saye ta da kuɗin aljihu ba. Amma ku duba abin da ƙungiyoyin mawaƙa suke kashewa wajen hayar mota da tufafi don bidiyo guda. Kuɗin yana nan, wurin zuba shi ne aka zaɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ƙungiya uku ko huɗu su yi adashi su sayi guda ta hannu, su raba kwanaki. Kafin nan kuma akwai manhajojin salula irin su Koala, masu fatu a kan gilashi, ana iya fara koyon yanka da zagaye da su yau ɗin nan. Gilashi dai ba ya amsa yatsa kamar roba, wata salular kuma tana jinkiri tsakanin taɓi da sauti, ga kira yana iya shigowa ana tsakiyar wasa. Don haka salula ta koyo ce, dandali kuma yana son akwati. Rashin kuɗi yana iya jinkirta saye. Bai hana kowa fara horar da yatsu da kunne ba.

Abin da nake nema

Ga mawaƙa: kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Ka karɓi kuɗin mutane da sunan wasa, to ka yi wasa. In ba ka da halin ɗaukar makaɗa shida, ka ɗauki mutum ɗaya da samfula, ka cire muryarka daga kiɗan, ka rarraba sauran a kan fatu, ku yi ta gwaji har ku san numfashin juna. Za ku yi kuskure a gaban mutane, wata rana amshi zai shigo kafin lokaci. Ba komai. Aƙalla mun san da masu rai muke.

Ga masu shirya wasa a jami'o'inmu da lise-lise, daga Tawa har Damagaram: ku rubuta a jikin takardar talla ko filebak ne ko kiɗa ne, mai saye ya san abin da yake saye. Ku ware ko da rabin awa ga masu kaɗawa da hannu.

Ga ƴan ajinmu na kimiyyar harshe: karin sautin da muke zana wa alama a allo don cin jarrabawa, ga inda ake bukatarsa. Ku shiga studiyo ku zauna kusa da masu yankan murya. Sunayen da na ba abubuwan nan, taɓa-ka-saki da riƙe-ka-ji da rukunin surukai da sauransu, shawara ce. Wanda yake da mafi kyau ya kawo a fitowa ta gaba, mu yi gardama. Abin da ba mu da sunansa a bakinmu, da wuya mu koya wa ƙannenmu shi.

Ga sauran jama'a, mu masu sayen tike: mu ne muka ɗaure wa ƙaryar nan gindi da tafinmu. Ranar da mawaƙi ya sauke mikoro daga bakinsa muryarsa ta ci gaba da waƙa ita kaɗai, kada ku tafa. Ku tambaye shi, da ladabi amma da ƙarfi yadda zai ji: malam, ina makaɗinka?